Yadda Kawu Ya Juya Gabas

Shekaranjiya 'yata ta zauna a tsakar gida tana fiƙe fensir, ƙamshin katakon nan ya bugi hancina, sai na tsaya cak da tsintsiya a hannu. Ƙamshin ɗakin Kawu ne sak. Ita da ɗan abin fiƙe na roba take yi, shi kuwa da reza yake yin nasa, a hankali kamar mai yanke wa jariri farce, yana tara ɓawon a murfin gwangwanin madara. An fi shekara talatin yanzu, amma hanci ba shi da mantuwa.

A Zongon Kwatano na tashi, a hannun kakannina na wajen uwa. Tun da aka yaye ni aka kai wa Inna ni riƙo, gidan iyayena kuma sai dai in je da baƙunta. Kaka daga ƙasar Zamfara ya gangaro da garken shanu yana saurayi, lokacin da unguwar, a faɗarsa, rairayi ce da bishiyoyin kwakwa. Ya ga teku ya ce to nan ƙasa ta ƙare, babu sauran inda za a je, ya zauna ya kama sayar da goro. Inna atamfa take sayarwa a kasuwa, kuma ba a haifi wadda za ta ci ta da ciniki ba. Gidanmu dogo ne mai ɗakuna a jere, da Zabarmawa da Dendawa 'yan haya, da rijiya ɗaya a tsakiya mai ruwa gishiri-gishiri. Iskar teku tana cinye kwanon rufi, damina tana cika lungu har gwiwa, da safe kuma kukan jirgin ƙasa ke tashe mu kafin 'yan zemijan, wato 'yan acaɓa, masu riga ruwan ɗorawa su fara ƙugi da baburansu.

Kawu shi ne ɗan farin Kaka, kuma in ba ka san abin da wannan ke nufi a wajen mutanen da ba, sauran labarin zai shige maka duhu. Ban taɓa jin Kaka ya ambaci sunansa ba. "Wancan" yake ce masa, ranar da ransa ke fari ya ce "mutumin biro". Ba ya haɗa ido da shi, ba sa cin abinci a kwano ɗaya, in Kawu ya durƙusa gaisuwa sai ka ga kamar bango Kaka yake amsa wa. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce irin wadda suka gada, kuma sun riƙe ta da hannu biyu. Duk maganar da za ta shiga tsakaninsu sai ta bi ta bakin wani, bakin da ya fi kusa kuwa nawa ne. Ni jika ce, jika ba ta da linzami. Yana ce mini amaryarsa, ina ce masa tsohon miji mai rowar goro, in cire masa hula a gaban jama'a ba mai ce mini kanzil. Sau da yawa suna zaune a ƙofar gida, tsakaninsu bai wuce taku uku ba, sai Kaka ya ce, "Amarya, ki ce wa wancan ɗakin Inna yana yoyo." Ni kuma in juya in maimaita, kamar Kawu kurma ne.

Kawu ne yaro na farko a layinmu da ya bi lakwal, wato makarantar boko, har ya ƙure ta, ya wuce Lome ya karanta zanen gine-gine. Da aka gaya wa Inna ɗanta ya tafi koyon zane, sai ta rangaɗa guɗa. Ta ɗauka zanen ɗaurawa ake nufi. Shekara da shekaru tana gaya wa abokan kasuwarta su saurara, in ya dawo shi zai riƙa fitar da sababbin atamfofi, ita ce za ta fara samu kafin kowa. Ranar da ya dawo ya warware mata wata doguwar takarda shara-shara cike da layuka, ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa, ta ce, "To wannan wace mace ce za ta ɗaura?" Har ta koma ga Allah ba ta daina yi masa wannan gorin ba, ko da yake in baƙo ya zo takan ɗaga murya ta ce ɗanta arshitek ne, tana jan kalmar yadda maƙwabta ma za su ji.

Bai yi suna da gidajen masu kuɗi ba. Aikin gwamnati ya kama a wani ofis can wajen Kajehun, kuma abin da ke fitowa daga teburinsa na kowa da kowa ne: azuzuwan makaranta, ɗakin shan magani, ɗakin haihuwa, rumfunan kasuwa, tashar mota. Daga bakin teku har Kandi akwai inuwar da mutane ke sha ba su san wanda ya yi musu ita ba, don allon da ake mannawa a ƙofa sunan wanda ya yanka zare yake ɗauka. Yana da wata ɗabi'a da ta sa abokan aikinsa ke masa kallon malalaci. Ba ya ɗora fensir a takarda sai ya je filin ya wuni. Zai ɗauki kujera da laima ya zauna tun hantsi har la'asar sakaliya, yana duba inda iska ke fitowa, inda ruwa ke kwanciya, da hanyar da mata suka riga suka tattake da ƙafa zuwa rijiya. Ya taɓa tafiya da ni wani fili a Godome inda za a yi makaranta. Da zama ya ishe ni na ce, "Kawu, wai yaushe za ka fara aikin?" Ya ce ai tun ɗazu ya fara. Bayan an gama ya sake kai ni. Ga azuzuwa da bulo mai huji-huji iska tana ratsawa, ga daɓe a ɗage yadda ruwan damina zai wuce bai shiga ba, ga wata tsohuwar bishiyar mangwaro da ya lanƙwasa ginin gaba ɗaya don kada a sare ta.

Sai dai duk wannan a unguwarmu jita-jita ce. 'Yan Zongo ba su taɓa ganin gininsa da idonsu ba, kuma a wurinsu mai gini shi ne wanda siminti ya farfasa wa hannu. Na Kawu kuwa sumul yake kamar na mai jego. Bai taɓa faɗa ba, amma na san abin yana cinsa, musamman da yake mahaifinsa bai taɓa taka ƙafa a wani gini nasa ba.

A bakin layinmu akwai ɗan masallaci wanda Kaka ya kafa shekara arba'in kafin lokacin da nake ba ka labari. Labarin kafa shi mun ji shi har mun haddace. Ya fito da sassafe a lokacin zafi, kafin faɗuwar ruwa, ya tsaya a fili, da rana ta ɓullo ya miƙa hannu ya ce ga gabas nan, aka buga turke aka ja igiya. Ka san mu da kalma ɗaya muke aiki. Inda rana ke fitowa gabas ce, inda ake duba a yi salla ma gabas ce. Alƙibla maganar malamai ce, a bakin sauran mutane kuwa sai dai ka ji an ce wane ya kalli gabas. Ba wanda ya taɓa zama ya tambaya ko abu biyu ne suka haɗu a suna ɗaya.

A shekarar da na cika tara bangon masallacin ya tsage, daɓensa kuma ya riga ya nutse ƙasa da titi, duk damina tabarmi sai sun ruɓe. Dattawa suka yanke a rushe a sake. Wani Alhaji ɗan kasuwa ya ba da siminti da rodi. Liman, wani Badende mai sanyin magana, ya ce me zai sa a nemo bare alhali ga namu a gida. Ban taɓa ganin farin cikin Kawu kamar na ranar ba, har rawa ya taka wa Inna a tsakar gida. Samari suka rushe tsohon ginin cikin kwana biyu, aka kafa rumfar kwano a gefen titi ana salla kafin a gama.

Kawu ya je ya yi wuninsa a filin yadda ya saba. Yana da wani ɗan ƙarfe mai allura a ciki da suke ce wa busol, ya aza shi a kan tsohon tushe ya duba, ya matsa ya sake dubawa, ya je ya aro na wani ya kuma gwadawa. Da ya shigo gida fuskarsa ba ita ce wadda ya fita da ita ba. Ya wuce ɗakin Inna kai tsaye. Ina zaune a gefe ina tsince shinkafa, amma an ɗauke ni kamar randa.

Ya ce, "Inna, gabas ɗin Baba ta kauce. Makka tana hagu, wajen arewa, kuma ba kaɗan ba."

Inna ta dafe ƙirji ta ce ya rufa mata asiri. Ya ce zai san yadda zai yi, amma kada kowa ya ji tukuna.

A yammacin ranar, bayan la'asar, dattawa suna zaune a kan tabarmi a ƙofar gidanmu, har da Liman da Alhajin siminti. Na fito kai musu ruwa. Kaka ya dube ni ya ce, "Amarya, ɗaurin kallabinki ya karkace, na fasa auren." Aka yi dariya. Ni kuwa ba a cin ni da baki, gadon Inna ne. Na riƙe ƙugu na ce, "Gara ni kallabi ne. Kai Kawu ya ce gabas ɗinka ce ta karkace, shekara arba'in kuna salla kuna kallon Legas!"

Na tsaya ina jiran dariya, ba ta zo ba. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Kaka ya daɗe yana tauna goron da ke bakinsa, sannan ya tofar a gefe, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Ki ce wa wancan, muddin ina numfashi masallacin nan inda na dubar da shi nan zai duba. In ƙarfensa ya fi ni sanin Allah, ya je ya gina wa ƙarfen."

Na sha kai saƙo tsakaninsu, amma ban taɓa kai mai nauyi irin na ranar ba. Inna ta murɗe mini kunne har na ga wuta, tana cewa magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Kawu bai daka mini tsawa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya dai dube ni ya ce, "Kin riga ni, rediyo." Har yau in na tuna kunya takan rufe ni, don na san da bakina na mayar da abin da za a gyara a ɗaki ya koma na bainar jama'a.

Gaskiyar magana, da Kawu ya so cin nasara da ya ci a mako guda. Samari suna bayansa. Waɗanda suka je Makka sun daɗe suna zargin haka, kuma kowa ya lura babban masallacin unguwa ba nan yake duba ba, kawaici ne ya hana a furta. Suka same shi suka ce ya zana kawai su haƙa, tsoho zai yi fushinsa ya huce. Ya ce musu zanen bai nuna ba tukuna. Ba zai sa hannu a ginin da ya san ya kauce ba, kuma ba zai karya mahaifinsa a gaban mutanen da suka yi shekara arba'in suna bin hannunsa ba. Tsakanin waɗannan biyun ya tsaya, wata ɗaya, wata biyu, aka shiga na uku.

Ruwa ya sauka. A ƙarƙashin rumfa mutane suna salla da wando a naɗe, ruwa yana bi ta tsakanin ƙafafunsu. Samari suka fara juyawa hagu da kansu, tsofaffi suka kafe a inda suka saba, sahu ya koma kamar haƙoran tsohuwa. Akwai gidajen da suka daina gaisawa. Simintin Alhaji ya fara daskarewa a sito saboda laima, ya aiko cewa in wata ya ƙare babu palan ɗin ginin, zai ɗauko wani maso, wato magini, daga Zogbo ya ɗora a kan tsohon tushe kowa ya huta. In Kawu ya wuce majalisa sai ka ji an ce, "Mushe ɗan boko, har yanzu fensirin bai fiƙu ba?" Ya yi murmushi ya wuce. A gida kuwa Kaka ya rage cin abinci, ya daina ce mini amarya. Ni kaɗai na san yadda wannan ya yi mini ciwo.

Abin da na lura, ba tare da na gane ba, shi ne kullum bayan asuba Kawu yakan je ya tsaya a kangon masallacin da ɗan littafi a hannu, yana kallon sama yana rubutu. Na ɗauka damuwa ce ta fara taɓa shi.

Rannan, ana tsakiyar damina, ya kira ni ya ce, "Je ki ce wa mijinki, busol ɗina na Turawa ne, ba zan kafa gabas da shi ba. Ya zo ya kafa mana yadda ya yi da fari, da fitowar rana. Inda ya miƙa hannu nan zan zana." Na kai saƙon kalma da kalma, don na riga na ji jiki. Kaka ya ce, "Sai yanzu ya san da haka?" A ranar ya cinye tuwonsa tas.

Kashegari bayan asuba jama'a suka taru a kango, ga turke ga igiya. Amma ka san daminar Kwatano. Sama ta yi baƙi ƙirin daga teku har inda ido ya tsaya, rana ko alama. Aka watse. Washegari yayyafi. Kwana na uku ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mutane suka riƙa raguwa, masu kasuwa suka koma kasuwarsu. Kaka dai bai fasa ba, kullum zai dogara sandarsa ya je ya tsaya, ni ina riƙe masa laima, Kawu yana can nesa kaɗan yana kallon ƙasa. Daga baya na san abin da ke ransa. Rana tana tafiya hagu a hankali tun daga lokacin zafi, kuma a 'yan makonnin nan ne kawai take fitowa dab da saitin Makka kafin ta juya ta koma. Ita ya yi wata uku yana jira. In girgije ya cinye masa kwanakin, sai wata shekarar, wa'adin Alhaji kuwa saura ƙiris.

A safiya ta tara iska ta share gefen sama. Muna tsaye, mu bakwai ko takwas, har da Liman. Kaka ya kafa ƙafafunsa a inda ya tsaya shekara arba'in da suka wuce, ya fuskanci inda ya sani, ya ɗaga hannu yana jira. Sai haske ya fashe ta wani wuri daban, can hagu, ta saman rufin gidan wasu Zabarmawa. Na ga hannunsa ya tsaya a sama. Ya juya kansa a hankali ya dubi ranar, ya daɗe yana kallonta har idonsa ya kawo ruwa.

Sannan ya ce, "Amarya." Wata uku ke nan rabona da sunan. "Ki tambayi wancan, ya ɗauka ban taɓa noma ba ne? Ko ɗan akuya ya san rana tana da ɗakin rani da ɗakin damina."

Ban maimaita ba, Kawu ma bai ɗago ba. Duk dabararsa ta wata uku tsohon ya kwance ta a numfashi ɗaya. Na ce a raina shi ke nan, an koma gidan jiya.

Kaka ya sake cewa, "Ki tambaye shi, ƙarfen nasa nan ya nuna?"

Kawu ya amsa da murya ƙasa-ƙasa, "Kusa da nan ne. In an miƙa hannu, saura yatsa biyu hagu."

"To a ba shi yatsunsa biyu."

Kaka ya miƙa hannu wajen ranar, ya gusa da shi kaɗan, ya taka zuwa inda za a buga turke. Ya karɓi guduma daga hannun wani saurayi. Sai ya ɗan waiwaya, ba wajena ba, ya ce, "Riƙe mini." A iya sanina wannan ce magana ta farko da ya taɓa yi wa ɗansa kai tsaye. Kawu ya durƙusa a cikin taɓo da wandon ofis ya riƙe turken da hannu biyu, Kaka ya buga sau uku.

Da Kaka ya gama sai ya juya ga Liman, ya yi tambayar da ashe ita ce ta hana shi cin abinci, ba girman kai ba. Ya ce, "Liman, na juya mutane shekara arba'in. Masu rai za su gyara. Waɗanda suka mutu fa?" Liman ya ce wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya nemi gabas sallarsa ta yi, da tasa da ta wanda ya bi shi, kuma Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba. Kaka ya gyaɗa kai. Ban ce ya gamsu duka ba, don daga ranar har ƙarshen rayuwarsa yakan ambaci tsofaffin abokan sahunsa ɗaya bayan ɗaya a addu'a, yana nema musu gafara kamar shi ya ci musu amana.

A ranar da yamma Kawu ya fito da zanen. Ashe tuni ya gama shi, yana naɗe a bayan kabad. Filin yana bin titi, masallacin kuma yana bin Makka, saboda haka ginin ya zauna a kaikaice ya bar kusurwoyi guda biyu. Ɗaya ya yi wurin alwala, ɗaya ya dasa bishiya ya sa benci na tsofaffi. Ya ɗaga daɓe taki uku sama da titi, ya yi wa mata wuri a baya da bulo mai huji-huji tsakaninsu da maza. Waɗanda suka yi masa ba'a su ne suka fara kawo baƙi suna nuna musu, suna cewa ɗan layinmu ne ya zana.

Ta waɗannan hujojin na ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Inna takan tafi da ni sallar la'asar. Kaka ya yarda da sabuwar gabas da zuciyarsa, amma jikinsa bai yarda ba. Zai ta da kabbara daidai, kafin a gama fatiha sai ka ga yana juyawa dama kaɗan-kaɗan, bai ma sani ba, yana neman inda ya saba. Samari suka fara taɓa juna. Kwana biyu da fara haka sai na ga Kawu, wanda tun tasowarsa a sahun ƙarshe yake tsayawa saboda kunya, ya ratso har sahun gaba ya tsaya a daman mahaifinsa. Ya sa kafaɗarsa ta hagu a bayan ta Kaka ya tokare. In tsohon ya fara juyawa sai ya ci karo da ɗansa ya tsaya. Ba wanda ya ce wa wani komai, a ranar ko bayanta.

Shekara shida suka yi a haka, har Kaka ya koma ga Allah. Daga Kajehun Kawu yake hawo zemijan da tsakar rana ya zo azahar ya koma. A cikin shekarun aka ba shi babban muƙami a Paraku, can arewa mai nisa, irin wanda mai aikinsa ke jira duk rayuwarsa, ya ce a ba wani. Abokan karatunsa suka wuce shi, wasu suka buɗe ofisoshin kansu suka yi arziki. Shi ya ci gaba da zana azuzuwa da ɗakunan haihuwa a tebur ɗaya har ya yi ritaya. Na taɓa yi masa mita a kan haka bayan na girma, ya ce in bar zancen.

Yanzu Zongo ta sake. Benaye sun tashi ta kowane gefe, daga layinmu ba ka ganin fitowar rana sai ta kai tsakar ka. Yawancin gine-ginen Kawu an toshe hujojinsu da siminti an sa gilashi da fanka, in wuta ta ɗauke yara su yi ta gumi a ciki. Wasu an rushe su an yi shaguna. Alƙibla kuwa kowane yaro yana da ita a wayarsa, ya ɗaga ta nuna masa kafin ka ƙifta ido. Ban ce wannan sharri ba ne, da akwai ta a zamanin Kaka da an huta. Sai dai na lura tun da sanin daidai ya yi araha, an rage tunanin yadda za a gaya wa mutum.

Kawu ya haura saba'in, idonsa ya yi rauni, amma yana nan a sahun gaba, a wurin nan dai. Watan jiya na je la'asar, ina leƙe ta huji kamar da. Wani saurayi da ban sani ba, mai tsabta da ladabi, ya dubi wayarsa, ya dubi Kawu, sai ya kama kafaɗunsa a hankali ya daidaita shi. Yaron yana da gaskiya, Kawu ya ɗan karkata hagu. Ya bari aka gyara shi, har ya yi godiya. Kafin a kai raka'a ta biyu kafaɗarsa ta hagu ta koma baya ta tokare, yadda ta saba. Na kasa riƙe hawayena.

Da aka sallame na tsaya a bakin ƙofa har saurayin ya fito yana neman takalminsa. Na ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Amma in ka sake ganin tsohon nan ya karkata, ka bar shi. Akwai wanda yake tarewa."